Mussar da ta hau kafaɗar liman: haƙƙin dabbobi da iyakar dariya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin halittu, wanda ke ciyar da tsuntsu alhali ba shi da rumbu, yake shayar da namun dawa alhali ba su gina rijiya ba. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda aka aiko domin jin ƙai ga talikai baki ɗaya, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, da yawa daga cikinku sun ga wani ɗan guntun bidiyo da ya zagaya duniya cikin azumin shekara ta 1444 bayan hijira, wato watan Afrilu na 2023. A wani masallaci na garin Burj Bu Arririj, ƙasar Aljeriya, wani limami mai suna Walid Mahsas yana jan sallar asham, jama'a sun yi sahu bayansa, sai ga wata mussa ta zo ta yi tsalle ta kama ƙirjinsa. Bai firgita ba, bai yanke karatu ba. Ya sa hannu ya tallabe ta, ya shafa bayanta, ta haye kafaɗarsa, ta shinshini fuskarsa, sa'an nan ta dire ƙasa ta yi tafiyarta, shi kuwa ya kai ƙarshen karatunsa ya yi ruku'u. Wanga abu bai cika minti biyu ba, amma ya shiga salular Musulmi da wanda ba Musulmi ba, daga Yamai har Amurka. Tsofaffi sun yi murmushi, samari a fada sun yi ta maimaita shi suna dariya har shayinsu ya huce.

To ni ban ga laifin wagga dariya ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tambaya da ta tsaya mini a rai tun lokacin: da a ce wagga mussa masallacin unguwarmu ta shigo, mi za ta gamu da shi? Kowa ya san amsa. Wani zai kai mata shuri, wani yaro zai bi ta da dutse har bayan gari, wata tsohuwa kuma, idan baƙa ce, za ta ce ba mussa ba ce, mayya ce ta rikiɗa. Mu ne muka fi kowa tura hoton limamin Aljeriya muna cewa ku dubi kyawon Musulunci, mu ne kuma jakinmu ke tsaye ƙofar gida da gyambo a baya, ƙudaje na bin sa.

Limamin nan ba sabon abu ya yi ba. Imamu Malik, Allah shi jiƙansa, ya kawo cikin Muwaɗɗa labarin Kabsha ɗiyar Ka'abu ɗan Malik, matar ɗan sahabi Abu Ƙatada. Surukinta ya shigo wurinta, ta zuba mishi ruwan alwala, sai mussa ta zo tana son sha, sai ya karkata mata ƙwaryar har ta ƙoshi. Kabsha ta tsaya tana dubansa da mamaki. Sai ya sanar da ita cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta cewa mussa ba najasa ba ce, domin tana cikin masu kai da kawo a tsakar gidajenmu, kamar yadda barori da yara ke kai da kawo. Ku lura da kyau: sahabin bai kore ta ba sa'an nan ya kawo hujja, a'a, sai da ya bari ta sha. Shi kuwa Abu Huraira, wanda ya fi kowane sahabi yawan ruwayar hadisi, alkunyar da duniya ta san shi da ita daga wata ƴar mussa ta samo asali, wadda yake ɗauka yana wasa da ita. Kullum muna faɗin sunansa a majalisin karatu, kaɗan ne daga cikinmu ke tuna ma'anarsa.

A nan akwai wani gyara da ya kamata in yi, tun da ana yawan tura shi. Labarin da ke cewa Annabi yana da mussa mai suna Mu'izza, har ya yanke hannun rigarsa domin kada ya tada ta daga barci, ba ya cikin ingantattun littattafan hadisi. Labari ne mai daɗin ji, amma daɗin ji ba ya halatta a jingina ma Manzon Allah abin da bai tabbata ba. Abin da ya inganta ya ishe mu, har ya yi yawa.

Ga abin da ya inganta, kuma ba abin dariya ba ne. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa wata mace ta shiga wuta saboda mussa. Ta kulle ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta ba ta ruwa ba, ba ta kuma sake ta ba balle ta nemi ƙwarin ƙasa da kanta, har ta mutu. Ranar da aka yi husufin rana a Madina, Annabi ya tsawaita salla, aka nuna mishi wuta, sai ya ga wagga mace a ciki ana yi mata azaba. Ya ku bayin Allah, ku tsaya ku auna wanga al'amari. Ba a ce ta yi sata ba, ba a ce ta kashe mutum ba. Ba a ma ce ta bugi mussar ba. Abin da ta yi shi ne ta rufe ƙofa ta yi tafiyarta. Sau nawa muka ɗaure akuya a turke tun hantsi, muka tafi kasuwar wani gari, inuwa ta gusa ta bar ta cikin ranar watan Mayu, igiya ba ta kai ga ruwa ba? Sau nawa aka saye ma yaro kurciya ko aku, aka yi murna kwana uku, sa'an nan aka manta da kejin a bayan ɗaki?

Sa'an nan ga ɗaya gefen. Wani matafiyi ƙishirwa ta kama shi, ya samu rijiya ba guga, ya sauka ya sha. Da ya fito sai ya ga kare yana lallage, yana lasar danshin ƙasa saboda tsananin ƙishi. Mutumin ya gane cewa abin da ya same shi ɗazu shi ne ya samu wanga kare. Ya sake sauka, ya cika huffinsa da ruwa, ya kama shi da haƙora domin hannuwansa na aikin hawa, ya fito ya shayar da karen. Allah ya yaba mishi, ya gafarta mishi. Sahabbai suka yi mamaki, suka tambaya ko har dabbobi ma ana samun lada a kansu, Annabi ya tabbatar musu da cewa kyautata ma duk wani abu mai rai akwai lada a cikinsa. Wanda ya taɓa sauka rijiya da ƙafafunsa, ko ya ja wasaki daga rijiyar gaba talatin a arewacin Tawa, ya san cewa sauka ta biyu ba wasa ba ce. A wata ruwayar ma, wadda ta yi irin wanga aiki karuwa ce daga Bani Isra'ila, kuma aka gafarta mata. Mace guda ta halaka a kan mussa, mace guda ta tsira a kan kare, kuma babu ɗayansu da ta san cewa ranar nan ce ake rubuta makomarta.

Zancen kare yana buƙatar a tsaya kaɗan, domin mutanenmu sun haɗa abu biyu da shari'a ta raba. A mazhabar Imamu Malik, wadda mafi yawanmu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a cikinta umurni ne da ake bi domin bauta. Abin da aka hana shi ne ajiye shi cikin gida babu dalili. Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a kowane zaure, ta keɓe karen gona da na kiwo da na farautar neman abinci. Masu sharhin littafin sun kawo cewa shi kansa mai Risala ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi kuma yana jin tsoro ga ransa. Da aka tuna mishi ra'ayin Malik, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski wanga zamani da zaki zai ajiye. Hana ajiye kare a ɗaki daban, halatta azabtar da shi daban. Babu malamin da ya ce a zuba mishi ruwan zafi, ko yara su ɗaura mishi gwangwani a wutsiya su bi shi da jifa.

Kada kuma wani ya fahimci cewa ina cewa a rungumi kowane kare na bisa titi. Haukan kare ciwo ne da ke kashe dubban mutane kowace shekara a Afirka da Asiya, da yawansu yara, kuma idan alamunsa suka bayyana ga mutum da wuya ƙwarai ya tashi. Wanda kare ya ciza ko ya yaƙusa, to ya wanke wurin da ruwa da sabulu kamar minti 15, ya tafi likita ranar nan domin allura, kada ya tsaya jiran gobe. Shari'a ta halatta kashe kare mai cizo. Amma ko kisan da ya halatta an umurce mu da mu kyautata shi, mu gaggauta, kamar yadda ya zo cikin hadisin Shaddadu ɗan Ausu a Sahihu Muslim, wanda a cikinsa ne aka ce mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa.

Yanzu mu dawo ga salula. Dariya ba haramun ba ce. Manzon Allah yana raha, sai dai ba ya faɗin komi sai gaskiya. Wani mutum ya roƙe shi abin hawa, ya ce mishi zai ɗora shi bisa ɗan taguwa. Mutumin ya damu, yana tunanin mi zai yi da ɗan ƙaramin raƙumi, sai Annabi ya tuna mishi cewa kowane amale taguwa ce ta haife shi. Kuma Anas ɗan Malik yana da wani ƙane ƙarami da ake ma alkunya da Abu Umairu, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, yaron ya yi zugum. Annabi ya shigo gidan, ya lura da fuskarsa, ya tambayi dalili, sa'an nan ya riƙa jansa da raha yana tambayarsa labarin tsuntsun. Shugaban al'umma, mai rundunoni da wahayi a kansa, ya samu lokacin da zai kula da baƙin cikin yaro a kan tsuntsu. Wani malamin Shafi'iyya, Ibnul Ƙass, ya fitar da fa'idoji wajen 60 daga wanga ɗan gajeren hadisi, Ibnu Hajar ya kawo su cikin Fathul Bari, kuma a cikinsu akwai halaccin barin yaro ya riƙe tsuntsu, muddin ba a bar shi ya azabtar da shi ba. Saboda haka wanda ya ga ɗan akuya yana tsalle bisa bayan jaki, ko mussa ta tsorata da inuwarta, ya yi dariya, zuciyarsa ta yi sanyi bayan wahalar yini, bai yi zunubi ba. Idan ma ya ce tsarki ya tabbata ga wanda ya halicci wanga, to ya ci riba biyu.

Amma ya kai ɗan'uwa, ba duk abin da ke ba ka dariya ba ne yake ba dabbar daɗi. Akwai wata ƴar dabba mai manyan idanu da ake kira loris, tana zaune dazuzzukan Indunusiya da Tailan da maƙwabtansu. Bidiyonta ya daɗe yana yawo: ana yi mata cakulkuli tana ɗaga hannuwa sama, masu kallo na cewa dubi yadda take jin daɗi. Masana dabbobi sun bayyana cewa ɗaga hannun nan tsoro ne. A hannunta akwai wurin da wani ruwa ke fitowa wanda take haɗawa da miyau ya zama dafi, tana ɗaga hannu ne domin ta kare kanta. Dabbar dare ce, hasken fitila na cutar da idanunta, kuma masu sayar da ita kan cire mata haƙora da ƙarfe domin kada ta ciji mai saye, da yawa daga cikinsu na mutuwa daga wanga rauni. Tun 2007 aka haramta cinikinta tsakanin ƙasashe, amma kowane sabon bidiyo na ƙara ma masu farautarta kasuwa.

Abin ya wuce nan. Da mutane suka gane cewa hoton ceton dabba na jawo masu kallo, masu kallo kuma na jawo kuɗi, sai wasu suka shiga shirya ceton ƙarya. Su da kansu za su ɗauki ɗan kwikwiyo ko ɗan biri su ajiye gaban mesa, su jira har ta naɗe shi, sa'an nan wani ya fito da gudu kamar mai tausayi ya ƙwace shi. Abin ya yi yawa har kamfanin YouTube ya sanar a 2021 cewa ya haramta irin waɗanga hotuna. A 2023 kuma binciken BBC ya tona asirin wasu mutane a Amurka da Ingila da ke biyan kuɗi domin a azabtar da jariran birai a Indunusiya a ɗauko musu hoto. Wanga shi ne ƙarshen hanyar da ke farawa da cewa ai wasa ne.

Wani zai ce, Malam, ni kallo kawai na yi, ban taɓa dabbar ba. To ka sani cewa a wagga kasuwa kallonka shi ne kuɗin. Duk lokacin da ka buɗe, ka tura ma mutum goma a WhatsApp, ka jefa ma mai bidiyon sadaka ne, kamar yadda ƴan kallo ke jefa ma gardi dala idan ya zo da kura da biri bakin kasuwa. Mun san wanga wasa tun muna yara, mun yi dariya, ba mu taɓa tambayar yadda aka yi kura ta yarda da takunkumi ba, ko yadda aka yi biri ya koyi rawa. Da yunwa da bulala aka koya mishi. Abdullahi ɗan Umar, Allah shi yarda da su, ya wuce wasu samarin Ƙuraishawa sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, sun yi ma mai tsuntsun alkawarin duk kibiyar da ta kuskure. Da suka hango shi sai suka watse. Ya tsaya ya sanar cewa Manzon Allah ya la'anci wanda ya mai da abu mai rai abin gwajin harbi. Su ma waɗancan samari nishaɗi suke yi, kuma na tabbata suna dariya. Hausawa na cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Amma danƙon da muke bari a hannun ƴaƴanmu na harbin ƙadangare ne da tsuntsayen da ba za su ci ba, mu kuwa muna zaune bisa tabarma muna yaba musu iya saiti.

Akwai kuma ƙarya. An yi gargaɗi mai tsanani, cikin hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, ga mai ƙirƙira ƙarya domin ya ba mutane dariya. Yau ana ɗaukar hoton biri ko jaki a ɗora mishi muryar wata ƙabila ko mutanen wani gari domin a muzanta su. Ana sa addu'a ko kiran salla a bakin akuya. Ana haɗa hoto da na'ura, zaki yana sujada ko raƙumi yana ɗawafi, a ce wanda bai tura ba imaninsa da saura. Addinin Allah ba ya buƙatar mu'ujizar kwamfuta. Alƙur'ani ya riga ya faɗa mana cikin suratul An'ami, aya ta 38, cewa dabbobin ƙasa da tsuntsayen sama al'ummomi ne kamar mu, kuma surori sun ɗauki sunan saniya da ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo da giwa. Wanda wanga bai ishe shi ba, zakin ƙarya ba zai ƙara mishi komi ba.

Na san abin da wasu ke faɗi a zuci: mutane na kwana da yunwa, ƴan gudun hijira sun cika garuruwa, kai kuwa kana mana wa'azin mussa. Maganar tana da nauyi, kuma haƙƙin ɗan Adam shi ne gaba, babu jayayya. Wanda ya ciyar da dabbar ado da nama alhali maƙwabcinsa bai ɗora tukunya ba, ya juya al'amari. Sai dai ban taɓa ganin wanda tausayin dabba ya hana shi tausayin mutum ba. A birnin Halab na ƙasar Siriya, lokacin da yaƙi ya tsananta, akwai wani mutum mai suna Muhammad Ala'u Aljalil, mai tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya. Yana kwasar mutanen da gini ya rufta ma, sa'an nan yana ciyar da mussoshin da masu gudu suka bari a baya, har suka zama garke, ya yi musu wurin zama, ya yi ma yaran unguwa filin wasa kusa da shi. A watan Nuwamba na 2016 bama-bamai suka rusa wurin, ya fita daga birnin, ya sake kafa wani a ƙauye. Hannun da ya ciro yaro daga ƙarƙashin ƙasa shi ne hannun da ya miƙa ma mussa abinci. Kuma akasin haka ma gaskiya ne, ko da ba mu son ji: yaron da ya saba ganin jinin ƙadangare yana dariya, ranar da zai ɗaga hannu bisa ƙanwarsa ba zai ji wani abu baƙo ba.

Magabatanmu sun mai da wanga al'amari doka, ba su bar shi ga taushin zuciyar kowa ba. Halifa Umar ɗan Abdul'aziz ya rubuta ma gwamnansa na Masar cewa kada a ɗora ma raƙumi fiye da ridili 600. Sarkin Masar Baibaras, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wata gona a Alƙahira domin ciyar da mussoshin da ba su da mai su. A birnin Bursa na Turkiyya, cikin ƙarni na 19, an buɗe gidan jinyar tsuntsaye dangin shamuwa waɗanda suka karye a hanyar ƙaura. Shaihu Izzuddini ɗan Abdussalami, wanda ya rasu a 1262, ya jera haƙƙoƙin dabbobi bisa mai su cikin littafinsa Ƙawa'idul Ahkami, ciki har da ciyar da su ko sun tsufa ko sun yi ciwon da ba su da sauran amfani, da kada a yanka ɗa a gaban uwarsa, da kada a fara fiɗa sai rai ya gama fita. Muhtasar na Shaihu Halil kuwa ya wajabta ma mai dabba ciyar da ita idan babu makiyaya, in ya ƙi a tilasta mishi sayarwa, haka nan idan yana ɗora mata abin da ba ta iyawa. Kuma bai halatta a tatse nono har a cutar da ɗan maraƙi ba. Wato alƙali na iya raba mutum da jakinsa saboda zalunci. Mun karanta wanga babi, mun fassara shi, mun rufe littafi.

Jaki fa, ƴan'uwa. Babu dabbar da ta yi ma talakan wagga ƙasa hidima kamarsa: shi ne ruwa, shi ne itace, shi ne taki zuwa gona, shi ne amalanken da ke kai mai naƙuda likita cikin dare. Kuma babu dabbar da muke zagi da duka kamarsa. Kwanan baya na tsaya bakin wata hanya ina kallon wani saurayi da amalanke cike da bulo, ƙafar amalanken ta nutse cikin rairayi, jakin ya durƙusa, shi kuwa yana ta zuba mishi sanda a fuska. Da na yi mishi magana sai ya ce, Baba, ai jaki sai da duka. Da muka sauke bulo goma muka tura, jakin ya tashi da kansa. Saurayin nan yana da salula a aljihu, kuma ba na shakkar cewa ya taɓa yin dariya da mussar Aljeriya. Muslimu ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi ya ga jakin da aka yi ma lalas a fuska, ya la'anci wanda ya yi haka, ya kuma hana bugun fuska. Abu Dawuda ya kawo labarin raƙumin wani Ba'ansare da ya ga Annabi ya yi kuka, hawaye na zuba, Annabi ya shafa bayan kunnensa har ya natsu, sa'an nan ya kira mai shi ya tsoratar da shi Allah, domin raƙumin ya kai ƙarar yunwa da yawan aiki. Jakinka ba ya da wanda zai kai ma ƙara yau, amma ranar da za a yi ma tunkiya marar ƙaho sakayya daga mai ƙaho, kamar yadda ya zo cikin Sahihu Muslim, zai samu.

Har ma sai da hukuma ta shiga tsakani kafin jakai su ƙare mana. Da fatarsu ta yi kuɗi saboda wani magani da ake haɗawa a ƙasar Sin, sai aka riƙa kwasarsu ana yankawa, kuɗin jaki ya tashi har talaka ya kasa saye. Gwamnatin Nijar ta hana fitar da jakai a 2016, sa'an nan a watan Fabrairu na 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince da hana yanka su domin fata. Mun kuma ga cewa idan aka tashi kare halitta ana iyawa: raƙuman dawa na yankin Kure sun ragu zuwa wajen 50 a 1996, aka tsare su tare da taimakon manoman wurin, har suka wuce 600, aka ɗebi takwas a 2018 aka kai dajin Gadabeji cikin jihar Maraɗi.

Saura mujiya da baƙar mussa, waɗanda ba su yi ma kowa komi ba sai camfi. Manzon Allah ya kore camfin mujiya da bakinsa, cikin hadisin da Buhari da Muslimu suka ruwaito. Kukanta ba ya kashe kowa, ajali na hannun Allah. Abin da take yi cikin dare shi ne cin ɓerayen da ke cinye mana hatsi a rumbu. Mun bar shamuwa ta yi sheƙa bisa itacen tsakar gida domin tana zuwa da albishirin damina, to ita ma waccan Ubangijinsu guda.

Ga bazara ta matso, zafi zai kai inda tsuntsu ke faɗowa daga reshe saboda ƙishi. Ina roƙon kowane mai gida ya samu tsohon kasko ya ajiye ƙarƙashin inuwa, ya ba ƙaramin yaro aikin cika shi, a riƙa zubar da na jiya kowace safiya domin kada sauro ya yi ƙwai a ciki. Kwamitocin masallatai su dubi ruwan alwala da ke malala banza, a yi mishi ɗan kwami a gefe inda jakan masu amalanke za su sha. Masu kai kaji kasuwa bisa babur su daina rataye su kai ƙasa, a sa su cikin akurki. Idan layya ta zo, a wasa wuƙa inda rago ba ya gani, kada a ja shi da ƙafa guda, kada a yanka wani gaban wani. Wanda kuma mussa ta haihu a ɗakinsa, kada ya kwashe ƴaƴan ya zubar a juji idanunsu ba su buɗe ba. Ya haƙura har su iya ci da kansu, sa'an nan ya nemi mai so. Sahabbai sun taɓa ɗauke ƴaƴan wata tsuntsuwa guda biyu a cikin tafiya, uwar ta zo tana shawagi bisa kansu, Annabi ya dawo ya gan ta, ya tambayi wanda ya tada mata hankali, ya sa aka mayar mata da su nan take.

Allah shi tausasa zukatanmu, shi gafarta mana abin da muka yi ma bayinsa marasa baki da saninmu da rashin saninmu, shi shayar da mu da dabbobinmu damina mai albarka. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.